Magodo ko Lekki? Na rasa na zaɓa

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas. An yi mini canjin wurin aiki daga Abuja zuwa Victoria Island, zan taho da iyali, amma maganar unguwa ta hana ni barci.

Lekki ta fi kusa da ofis, ga babban masallaci a Phase 1. Sai dai gidan da ejan ya nuna mini wajen Chevron, da na buɗe famfo ruwan ya fito ja-ja da ƙarnin ƙarfe, kuma a jikin katanga ga shaidar inda ambaliya ta tsaya bara. Ya ce ba komai, ai kowa injin tace ruwa yake sakawa. Ni dai ban yarda da "ba komai" ɗin ejan ba. Ga kuɗin hidimar rukunin gidaje a kan hayar shekara.

Uwargida kuwa Magodo take so, ɓangaren Shangisha, saboda kusa da Ikeja ne, kuma Agege ba nisa, inda 'yan uwanta suke, yara za su samu Islamiyya. Matsalar, kullum sai na haye gadar Third Mainland, kusan kilomita 12, safe da yamma.

Don Allah wanda ke zaune a Magodo yana aiki a Island, ƙarfe nawa kake fita ka kauce wa cunkoso? Ku na Lekki kuma, wane layi ne ruwa ba ya kwanciya da damina?