Wane irin mazubi ne zai riƙe min ƙamshin gahawa a wannan laimar ta Legas?

Ummu_Sadik, Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu shan gahawa ku taimaka min da shawara. Maigidana ba ya shan Nescafé, shi ƙwayar yake so a niƙa masa da safe a dafa, to wani abokin aikinsa mai zirga-zirga Addis Ababa ya kawo masa kilo guda soyayye, Yirgacheffe aka rubuta a jikin ledar. Ranar da muka buɗe wallahi har maƙwabciyata sai da ta leƙo tana tambaya me nake yi haka, amma yanzu da ya ɗan kwana biyu ƙamshin ya ja da baya sosai, in an dafa ɗaci kawai ake ji sai wani salam-salam, shi kuma bai ce komai ba amma na lura ya daina ƙara kofi na biyu. A babbar roba mai murfin dannawa na juye shi, tana kan kanta kusa da gas. Yanzu ga wani kilon zai sake zuwa ƙarshen wata, ba na so shi ma ya tashi a banza. Na ga ana tallan gwangwanaye masu hana iska shiga, akwai na ƙarfe akwai na gilashi, wasu har da ɗan bawul a murfi, kuɗinsu kuma ba wasa ba. Wanne ne na gaskiya a ciki? Ko in jefa shi firij kawai in huta? Na gode.

Injiniya_Bashir, Apapa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki kashe ko sisi, fara ɗauke robar nan daga kusa da gas yau ɗin nan. Abu huɗu ne ke kashe soyayyen gahawa, iska da laima da zafi da haske, kuma a inda kika ajiye shi kusan duka huɗun sun same shi.

Babban ɓarawon dai iska ce. Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ce, ita ke cin man da ke jikin ƙwayar har ya canza ɗanɗano, ƙamshin kuma dama abu ne mai tashi, duk buɗewar da kika yi wani ya fita ba zai dawo ba. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne ko murfin ya kama gam, ai akwai iskar da kika rufe a ciki tare da gahawar. Ranar farko roba cike take, iska kaɗan ce. Bayan sati biyu rabi gahawa rabi iska, kuma kullum da safe kina buɗewa kina zuba mata sabuwa, mai ɗauke da laimar Legas wadda da damina takan wuce kashi 80. Soyayyar ƙwaya a bushe take ƙarau, tsotsar danshi take yi. Shi ya sa ƙaton mazubi guda ɗaya ko na nawa ne ba zai fitar da ke ba in kilo za ki zuba a ciki kina ɗiba kullum.

Ke 'yar Arewa ce, kin san buhun PICS da ake ajiye wake, mai leda biyu a ciki, ai ba zuba wake kawai ake yi a ɗaure ba, sai an matse iskar ta fita tukuna sannan a ɗaure kowace leda daban. To dabarar ke nan a nan ma.

Na kasuwa kala uku ne. Akwai mai rufewa kawai, murfi da robar baki, ba ya barin sabuwar iska ta shiga amma ta cikin tana nan. Akwai irin su Airscape, na ƙarfe ne, yana da murfi na biyu a ciki da kike dannawa ƙasa har ya taɓa gahawar, za ki ji iskar tana fita fuuu, gahawa na raguwa murfin na bin sa ƙasa. Wannan nake amfani da shi kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai ɗiba kullum saboda babu abin lalacewa a jikinsa. Sai masu zuƙe iska irin Fellow Atmos, ana murza murfin gaba da baya har alamar kore ta fito, yana aiki amma bayan 'yan kwanaki sai kin sake murzawa, kuma ba a so a zuba masa niƙaƙƙe don garin na toshe masa hanyar iska.

Shi kuma bawul ɗin da kika gani, gahawa in an soya shi yana ta fitar da iskar kabon, da ƙarfi a kwanakin farko, yana raguwa har wajen sati biyu, bawul ɗin na barin ta ta fita ba tare da ta waje ta shiga ba. Naku da ya taso daga Habasha a jakar matafiyi ya riga ya gama yawancin wannan kafin ya iso Agege, saboda haka kar ki ƙara kuɗi don bawul.

Hajiya_Kayan_Kicin, Idumota:

Injiniya ya yi bayani Allah ya saka, amma fa waɗancan da ya lissafa da dala ake shigo da su, in kika ji farashi sai kin zauna. Ni sana'ata ce kayan kicin, bari in faɗa miki abin da zan faɗa wa ƙanwata. Ki samu ƙananan kwalabe na gilashi irin Kilner, masu murfin gilashi da wayar ƙarfe da ake maƙalawa da zoben roba a baki, ba lallai na kamfanin ba, akwai masu kama da su cike da Idumota da Ebute Ero. Ki sayi guda huɗu ko biyar waɗanda kowacce za ta ci kamar giram 250, ranar da kilon ya zo ki raba shi ki cika kowacce har wuya ki rufe ki sa a can cikin kabad inda ba haske, ɗaya kawai za ki riƙa buɗewa, sai ta ƙare ki ɗauko ta gaba. Kin ga sauran ba su san ana yi ba.

Amma ki gwada kafin ki biya, don wallahi rabin abin da ake kira mai hana iska ba ya hana komai. Ki zuba ruwa rabi ki rufe ki kife ta ki girgiza, in kika ga ko ɗigo a gefen murfi ki ajiye musu kayansu. Ki taɓa zoben, mai laushi da kauri ake so irin na silikon, in ya yi tauri ko siriri ne kamar robar ɗaure kuɗi zai saki cikin wata biyu. Ki duba wayar ƙarfen ma, mai araha tsatsa take yi a nan garin tun ba ma masu zama kusa da ruwa ba, kwastomomina na Obalende da Ajah kullum ƙorafinsu ke nan.

Roba kam ban ba ki shawara ba. Tana riƙe wari, man gahawar na manne mata, kuma gahawa kwashe warin duk abin da ke kusa da shi yake yi, in kabad ɗinki akwai daddawa ko kirefish ko kori to za ki sha su a kofi. Ki ware masa wurinsa shi kaɗai. In kin wanke kwalba kuma ki bar ta ta bushe sosai har ƙarƙashin zoben, nan ruwa ke ɓuya, ki cire shi ki shanya daban.

Abu_Yasmin, Ikeja:

Ni dai firiza nake sawa kuma ban ga matsala ba. Firij ne ba a so, saboda can akwai danshi da warin miya kuma sanyinsa bai kai ya tsayar da komai ba. Amma firiza tana riƙe gahawa watanni. Nakan ƙulla na sati-sati a ledar zif, in matse iskar, in haɗa su a kwalba ɗaya in jefa can ƙasa. In zan ɗauka in fito da ƙulli ɗaya in bar shi a rufe har ya huce kafin in buɗe, don in ka buɗe da sanyinsa raɓa ce za ta kwanta a kan ƙwayar nan take. Wanda ya fito kuma ba ya komawa. Hajiya ki gwada da rabin kilon.

Injiniya_Bashir, Apapa:

Malam Abu Yasmin gaskiyarka, amma wane layi kake a Ikeja? Don wannan dabarar ta mai wuta ce tsayayya ko mai sola. In unguwarku ana ɗauke wuta yini guda firiza ta narke ta sake daskarewa ta sake narkewa, in ledar ba ta rufu ɗari bisa ɗari ba ruwa ne zai taru a ciki, ga kifi da nama a gefe. A irin wannan gara kabad mai duhu sau goma. Hajiya ita ta san yanayin wutarsu.

Abu_Yasmin, Ikeja:

Haka ne, inbata gare ni shi ya sa. In babu kam kar a fara.

Baba_Gembu, Mile 12:

Salamu alaikum. 'Yata, duk abin da suka faɗa miki daidai ne, ni abu ɗaya zan ƙara. Duk mazubin duniya jinkirta lalacewa yake yi, ba ya dawo da abin da ya tafi, kuma soyayyen gahawa daɗinsa na gaske sati uku ne zuwa wata guda daga ranar suya. Maigidanki in kofi ɗaya yake sha, a ce giram 15, kilo zai kai shi sama da wata biyu, kin ga tun daga lissafi an riga an makara.

Ni mutumin Mambila ne, can ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba, a kan dutsen nan ana noman gahawa irin arabika tun muna yara, saboda sanyi da tudu. Mu ɗanye muke ajiyewa. Ɗanyen gahawa in ya bushe da kyau yana kai wata da watanni har shekara bai ce komai ba, sai dai a nan Legas a sa shi a leda mai kauri a ɗaure sannan a ɗaga shi daga ƙasa saboda kar ya yi fumfuna. Duk Juma'a bayan an sauko nakan ɗebi gwangwanin madara biyu in soya a kasko mai kauri, wuta kaɗan, ana juyawa ba tsayawa, zai tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa, can sai ki ji yana fashewa tas tas, to daga nan ki sa ido sosai don tsakanin ya yi da ya ƙone minti ɗaya ne ko biyu. In juye a faranti in fifita ɓawon ya tashi, ya huce, in zuba a ƙaramar kwalba, in bar shi ya kwana biyu kafin in fara sha. Hayaƙi ne dai da shi, a buɗe taga ko a fita waje. Mutanen Habashan ma ai haka suke yi a gidajensu, ɗanye suke saye su soya a gaban baƙo. Ki ce wa abokin maigidan ya kawo rabi soyayye rabi ɗanye, kuma ya duba ranar suya a jikin leda ba ranar ƙarewar wa'adi ba.

Kar kuma ki yarda ki niƙe shi duka don sauƙi. Niƙaƙƙe cikin 'yan mintuna yake fara zubar da ƙamshi, iya na sha ɗaya za ki niƙa.

Ummu_Sadik, Agege:

Kai Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, na ƙaru sosai. Wutarmu ba abin dogaro ba ce don haka firiza ta fita. Ranar Asabar in sha Allahu zan shiga Idumota in nemo ƙananan kwalaben in gwada su da ruwa kamar yadda Hajiya ta ce, Baba kuma zan gaya masa maganar ɗanyen, sai dai ina tsoron in ƙona masa. Tambaya ɗaya ta rage, ledar da ya zo a ciki mai ƙyalli ce ta ciki kuma tana da zif da ɗan bawul, in na bar sabon a cikinta fa? Sannan wannan da ya riga ya yi salam zubarwa zan yi?

Hajiya_Kayan_Kicin, Idumota:

Ledar nan mai ƙyalli ai ta fi roba nesa ba kusa ba, don aikin aka yi ta, haske ba ya ratsa ta. In zif ɗin na kamawa, bayan kin raba sauran a kwalabe ki bar na satin farko a cikinta, duk ɗiba ki naɗe ta daga sama ki matse iskar ta fita ta bawul sannan ki ja zif ki sa mata robar ɗauri. Tsohon kuma kar ki zubar in dai ba ya warin fumfuna kuma ba ki ga fari-fari a jikinsa ba, ki daka masa citta da kanumfari da ɗan hel, wato kadamon, ki dafa irin gahawar da 'yan Maiduguri ke yi a ƙananan kofuna, kayan ƙamshin za su ɗauke shi. In za ki shigo Asabar ki zo da wuri kafin sha ɗaya, bayan nan gadar Carter ba ta biyuwa saboda cunkoso, kuma ki taho da robar ruwa a jaka don ba kowane mai shago ne zai ba ki na gwaji ba.