Abin da masu shuka a tsakar gida suka ce a Aboabo

Ranar Asabar bayan la'asar mun zauna a ƙofar gidan wata Hajiya a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Ghana, mu masu ɗan lambu a gida, kowa ya faɗi abin da ya gani.

An fi daɗewa a kan tumatir. Kumasi damina biyu gare ta: babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Duk wanda ya shuka a tsakiyar babbar ya koka, ganye ya yi baƙi-baƙi, 'ya'ya su ruɓe a jiki. Dattawa suka ce a jira ƙaramar, a kafa masa sanda, a tsinke ganyen ƙasa kada ya taɓa laka. Bara na gwada a buhun shinkafa da na huda gindinsa, wallahi na ga bambanci.

Ayoyo da alayyafo ba su da wahala, cikin sati 6 ka fara tsinka don miyar tuwo. Kontomire kuwa, wato ganyen gwaza, inuwa yake so.

Maganar ƙwari baki ya zo ɗaya: a daka ganyen dogon yaro, a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗan sa sabulu, a fesa da yamma. Kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, sai ya ruɓe tukuna.

Hajiya ta tuna mana hunturu daga Disamba: a rufe gindin shuka da busasshen ganye, a yi ban ruwa da sassafe, ruwan wankin shinkafa ma kada a zubar.