Mai hawan jini zai iya rasa jini?

Baffa: Salamu alaikum. Na ga takardar gwajin babanku da Auta ta turo, ni dai ban gamsu ba. Shekara 12 yana shan maganin hawan jini, yau kuma a ce jininsa ya yi ƙasa? Wanda jini ya yi wa yawa ta yaya zai rasa jini? A kai shi wani asibitin.

Auta: Wallahi Baffa ni ma abin ya ɗaure mini kai. Amma na ja fatar idonsa na duba, fari fat. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya dafa bango ya huta.

Yaya Nas: Baffa, Allah ya ƙara girma, sunan ne ke ruɗa mutane. Hawan jini ƙarfin da jini ke tunkuɗar bangon jijiyoyi ne, ba yawansa ba. Ƙarancin jini kuma jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iska ne suka ragu. Abin da ya haɗa su a jikin Baba ƙoda ce.

Baffa: Ƙoda ai aikinta fitsari. Me ya kawo ta cikin maganar jini?

Yaya Nas: Fitsarin daga jini take tace shi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ƙoda yake bi, ta tace wajen lita 180 na ruwa a rana, ta mayar da kusan duka, lita ɗaya zuwa biyu kawai ke fita. Matatan nan sirara ne ƙwarai, shekarun hawan jini sun cinye na Baba. Kuma ƙodar ce ke sakin sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyi. Kowace ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu, idan saƙon ya yi rauni ba a mayar da gurbinsu. Ga shi ƙodar ta kasa fitar da gishiri da ruwa, shi ne kumburin ƙafarsa, shi ke ƙara hawan jinin, zuciya kuma tana ta wahala.

Gwaggo: To ku bar ni da shi. Ganyen ugu da madara, sati biyu jini ya dawo. Haka na yi bayan haihuwar Auta na ga uwarku ta miƙe.

Yaya Nas: Gwaggo don Allah kar a ba shi tukuna. Inna jini ta zubar, ƙodarta lafiya lau. Ganye da madara suna da sinadarin fotasiyam, ƙodar Baba ba ta iya fitar da shi sosai, idan ya taru bugun zuciya yake hargitsawa. Diclofenac ɗin da yake sha don gwiwa ma a ɗauke.

Baffa: Na ji bayaninki. Amma a sake gwajin, hankalina zai fi kwanciya.

Yaya Nas: A sake, Baffa, dama za a maimaita na ƙodar. Auta, ki tattara duk magungunan da ke ɗakinsa a leda ɗaya, har na gargajiyar da ke ƙarƙashin gado, mu tafi da su gobe.