Firinsifal ya ce in daina wasan kwaikwayo a ajin Turanci, ya zan yi?

Malamar JSS 2:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana malamai. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, jiya ban runtsa ba. Turanci nike koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati cikin garin Katsina. NCE na yi a Dutsinma, Turanci da Hausa, na gama 2016, sai aure da haihuwa suka zaunar da ni gida shekara huɗu. Maigidana da farko bai so in yi aiki ba, sai da kawuna ya sa baki. Kullum Napep biyu nike hawa daga wajen Ƙofar Ƙaura, ga goyo, ga ba ni da mai raino tunda ƙanwar mijina ta koma gida. Na faɗi wannan ne don ku san ba wasa ya kai ni aikin ba.

Ajina yara 94 ne. Farkon zango na ba kowa layi biyu ya karanta, waɗanda suka wuce ba tuntuɓe ba su kai 20 ba. Na ce su rubuta insha'i kan babban abokinsu, wallahi sama da rabin aji abu ɗaya suka rubuto, har sunan abokin ɗaya ne. Hadda ce suka taho da ita tun firamare.

Shi ne na ware darasin ƙarshe na ranar Alhamis. Na ba su labarin rijiyar Kusugu da Hausa, su kawo jimla, mu juya ta Turanci tare a allo, masu iya zane su zana a kwali, daga baya suka yi wasan a gaban aji. Akwai yarinyar da tun JSS 1 ban taɓa jin muryarta ba, ita ta haddace layi tara. Na ɗauki kuɗɗin adashena na sayo ƙananan littattafan labari guda 30 na hannu, yanzu saura 11.

Ranar Litinin firinsifal ya kira ni, wai wani uba ya zo da ƙorafi, in tsaya kan silabus kurum. Shin in bari, ko in ci gaba a ɓoye, ko in nemi canjin makaranta?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Shekara 35 na yi da alli a hannu, don haka ki saurara. Firinsifal ɗinki ya yi daidai. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba me zai yi da wasan kwaikwayo? Ana gini ne daga tushe. Maganin abu ukku ne: dikteshin na kalma goma kowace safiya, karatu a bayyane layi-layi kowa ya tashi tsaye, sannan a hana Hausa a aji ƙwata-ƙwata. Wanda ya faɗi dikteshin ya rubuta kalmar sau ashirin. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda gininta ya zama gidan tarihi yau, ita ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna. Ki je ki saurari jawabin Tafawa Ɓalewa ki ji Turanci. Da tashe suka koye shi?

Malam na Daura:
Baba, da girmanka, amma Abubakar Imam ma wannan kwalejin ya yi, kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubuta littattafan labari ta 1933. Da Hausa ya rubuta. Ke nan waɗanda suka fi mu Turanci ba su ɗauki labari da Hausa a matsayin ɓata lokaci ba. Yaron da aka ci tararsa don ya yi Hausa ba Turanci yake koya ba, shiru yake koya. Na gani da idona, aji ya yi tsit kamar maƙabarta har a buga ƙararrawa.

Malama, ba ki faɗa mana ba, mene ne ƙorafin uban? A nan maganar take. Kuma ina fata kin gaya musu ranar Juma'a kaɗai macijin yake barin a ɗebi ruwa, don mu mutanen Daura ba ma son a rage mana labari.

Maman Walid:
Ni dai ba malama ba ce, amma ku bar ni in amayar da nawa. Ɗana yana JSS 1 a makarantar kuɗi, an rubuto mana littattafan adabi ukku, dole a makarantar za a saya, mun saya. Zango ya ƙare, ɗaya ko ledarsa ba a cire ba. Ƙanensa kuma ba zai gaje su ba don baɗi wasu za a rubuto. Yayarsa kau ta raba dare tana karanta labaran Hausa a wayata, babi arba'in cikin kwana biyu, amma miƙa mata littafin Turanci sai hamma. Su malaman ma albashin da ake ba su ko kuɗin mota bai isa ba, kowane zango sabuwar fuska.

Malamar JSS 2:
Malam na Daura, ai ba wani abu ba ne. Yarinyar da na ce ita ta fito a Daurama, wani yaro ya fito a Bayajidda, to ƙarshen labarin ai aure ne, ba ni na ƙirƙira ba. Yara suka riƙa kiranta amarya har cikin unguwa. Sannan na ɗan ɗauki bidiyo na sa a status, na awa kaɗan ne, wata ta tura ma matar uban. Amma da hijabinta har ƙasa, ko hannu ba su haɗa ba. Baba, dikteshin ina yi, sai dai littafi 94 kullum wa zai duba? Ina da wasu azuzuwan biyu.

Tsohon Hedimasta:
To kin ji! Ashe da walakin goro a miya. Kin ɗauki ɗiyar mutane kin aurar a gaban aji, kin kuma watsa a waya, sannan kina tambayar ko ki ci gaba a ɓoye? Ki gode ma Allah uban mai hankali ne, ofis ya zo. Batun duba littafi kuma, musanya ake yi, kowa ya duba na maƙwabcinsa, monita ya tattara maki. Mu aji 60 muka riƙe ba fanka ba makar rubutu a allo, kuma yaranmu sun rubuta wasiƙar neman aiki tun suna aji bakwai. Malaman yanzu kuna son a tafa maku ne.

Anti mai Adabi:
Ƙanwata, bidiyon kuskure ne, ki amsa shi kawai. Ki samu wata babbar malama ta raka ki gidan, ki ba uwar yarinyar haƙuri, ba uban ba, ta cikin gida ake kashe irin wannan wutar.

Amma batun wai ki koma silabus, ai kina cikinsa. Manhajar Turanci ta JSS da NERDC, hukumar tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ta fitar tana da karatu, rubutu, sauraro da magana, nahawu, da adabi. Cikin adabin akwai zube, waƙa da wasan kwaikwayo, har da tatsuniyoyi da labaran gargajiya. Kuskurenki ba ki sa shi a lesin not aka sa maki hannu ba, sai ya zama kamar sha'awarki ce. Ki rubuta shi da manufa, ki ba shi makin CA, wato gwajin cikin zango, ki kai ma mataimaki. A BECE ma, wato jarabawar kammala JSS 3, za a ce su rubuta insha'i ko wasiƙa, mai hadda da an sauya mashi take ya zauna.

Ki raba su rukuni, mata daban maza daban, ki zaɓi labarin da ba aure, Gizo da Ƙoƙi ma ki bi a hankali. Littattafan kuma kada su sake fita aji. Akwatin ƙarfe da kwaɗo, minti 15 na karatu, a ƙirga a mayar. Abin da suka rubuta da kansu ki ɗinke da zare ya zama littafin aji, wannan ba mai sacewa don kowa na gadin shafinsa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Ni shawarata kada ki ƙara kashe ko sisi. Shekarata tara ina aiki, ƙarin girma ɗaya na gani a takarda, a aljihu kau shiru. Na taɓa kafa kulob na muhawara, na kai yara gasa da man mashin ɗina, da suka ciyo kofi hoton wasu aka ɗauka da shi, ni ina bayan taga. Ki shiga aji, ki rubuta not a allo, su kwafa, ki tafi ki ɗauki goyonki. In kina da ƙarfi ki buɗe lesin da yamma a gida, a biya ki.

Malamar JSS 2:
Na gode duka. Anti, lesin not ɗin ai mataimakinmu ba ya karantawa, hannu kurum yike sawa, don haka ban ga abin da zai canza ba. Raba maza da mata kuma, masu iya karatun yawanci matan ne, in na raba su mazan ba mai ja masu. Gidan yarinyar gaskiya ina jin nauyi, don a ganina zuwan kamar na amsa na yi wani mugun abu ne, alhali yarinyar nan da ta fara ɗaga hannu yanzu kwana ukku ba ta zo ba. Akwati ma ina zan aje shi, ajin ba ƙofa.

Tsohon Hedimasta:
Kowace shawara kin samo mata rami. Ki gwada dikteshin na sati shida ki dawo nan ki ba ni labari.

Malam na Daura:
Baba, a bar dikteshin tukuna. Malama, kwana uku ba ta zo ba, hana ta aka yi ko kunya ce? Akwai wanda ya leƙa gidan?

Maman Walid:
Malama, in kin fasa, 11 ɗin da suka rage nawa za ki bar mani su?