Direba ya ce "na ɗan sha", an yanke masa hukunci: ɗaukaka ƙara na da amfani?

Ɗan Tasha: Jama'a, ɗaukaka ƙara a ƙasar nan yaudara ce. 'Yan Road Safety su tare direba, kotun tafi-da-gidanka ta zauna a ƙarƙashin rumfa a bakin titi, ya amsa cewa ya ɗan sha, kafin la'asar an ɗaure shi kan tuƙi cikin maye. Wace babbar kotu ce za ta saurari talaka?

Baban Ummi: Tsaya Malam, ka ce "ya amsa". In ya amsa laifi ai ya toshe wa kansa hanya. Abin da ya rage masa kawai ƙorafi kan tsananin hukuncin ko halaccinsa.

Anti Lauya: Baban Ummi, "na ɗan sha" daban, "na aikata" daban. Dole a karanta masa tuhuma, a fassara masa da harshen da yake ji, majistare ya rubuta abin da ya faɗa. In takardar zaman kotun ta nuna ya ce "na sha, amma tun jiya da dare", wannan ba amsa laifi ba ce, kuma a kanta ake gina ɗaukaka ƙarar.

Baban Ummi: Amsa dai amsa ce, Anti. Ko a mazhabarmu ta Malikiyya iƙirari ya isa a yi bulala 80, kai ko warin giya a baki ma hujja ne.

Malam Na-Allah: Kar ka yanke mana fiƙihu rabi. Wanda ya janye iƙirarinsa a haddin giya ana karɓa daga gare shi.

Anti Lauya: Malamai, ba a kotun Musulunci muke ba. Majistare ne, don haka Babbar Kotun Jiha za a je. Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 30 ne daga ranar hukunci. A rajistirin kotun da ta yi hukuncin ake shigar da sanarwa da dalilai, a biya kuɗin haɗa kwafin shari'a. In wa'adi ya wuce, sai an nemi ƙarin lokaci da takardar rantsuwa mai bayyana dalilin jinkiri. Inda mutane ke faɗuwa: suna zaton za a sake shari'a su kawo shaidu. Alƙalai abin da ke rubuce suke dubawa, da wuya su karɓi sabuwar shaida. In da takardar da na'urar hura numfashi ta fitar aka dogara, a duba ko an cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya shafi shaidar da kwamfuta ta fitar. Kuma shigar da ƙara ba ya buɗe gidan yari, beli daban ake nema.

Direban Tirela: Wallahi Anti kare mashaya kawai kike yi. Kin taɓa ganin yadda ake zaro mutane daga cikin motar Sharon a hanyar Zariya?

Ɗan Tasha: Kai kuma da wane baki? Wa ya kai 'yan tirela shan ƙwaya?

Direban Tirela: Ka janye wannan maganar.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka cim ma: wanda ya amsa ya amsa, kamar yadda Baban Ummi ya faɗa tun farko, sauran duk wasan lauyoyi ne.

Anti Lauya: Ranka ya daɗe, wa da wa suka cim ma hakan?