"Da tsohuwar zuma ake magani": wace ce zumar?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Hawan Nassarawa mun ɗan yi sa-in-sa a taron zumuncin gidanmu. Mu matasa muka ce baɗi a kama ɗakin taro, don soron gidan kakanni ya yi mana kaɗan, tsakar gida ma babu masakar tsinke. Baffanmu ya dube mu ya ce, "Ku dai bi a hankali, da tsohuwar zuma ake magani." Ya ɗauki takalminsa ya fice. Tun ranar abin yake cina. Gidan yake nufi, ko kansa, ko al'adar haɗuwar?

Na Soron Ɗinki: Wa alaikumus salam. Kansa yake nufi mana, shi da sa'o'insa. In rigimar aure ko ta gado ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wa ake ɗaukowa? Ai ba mai digiri ake nema ba, mai furfura ake nema. Kun yanke shawara ba ku tuntuɓe shi ba, shi ne ya yi muku hannunka mai sanda.

'Yar Fagge: Malam, a bakinmu mata ba haka take ba. In mace ta yi kome, ko aka ɗaura da saurayin farko bayan kowa ya zaga duniya, a nan za ka ji ana guɗa ana cewa tsohuwar zuma. Maganar ƙauna ce, ba ta shekaru ba.

Mai Adaidaita: Ku bari kakar zaɓe ta zo ku ga tsohuwar zuma a jikin fosta. Akwai wadda muke lasa tun 1999, har yau kwatar layinmu ba ta warke ba.

Na Soron Ɗinki: Waccan ai ruwan sukari ce aka dafa ta yi baƙi, irin ta bakin tasha.

Jikar Inna: Ku bar 'yan siyasa, ku ji wannan. Kakarmu tana nan a unguwar Dala, ta ce shekarar da aka naɗa Sarki Ado, 1963, aka kai ta ɗaki, kuma a wannan ɗakin take har gobe. Duk Takutaha, ranar da ake hawa dutsen Dala, mukan cika gidan, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Da tana hawa dutsen tare da mu, yanzu gwiwa ta hana, sai a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki. Yara su hau su sauko da ƙura har gira, kowa yana rige-rigen ba ta labarin abin da ya hango. Ita kuma ta riƙa tambaya: kun ga Goron Dutse? Kun hango hasumiyar masallacin Sarki? In yaro ya yi kuskure ta gyara masa daga zaune.

Ƙanina ɗan shekara 7 shi ne "maigidanta". Da ya shigo za ta tare shi da kuɗin cefane, ya zaro naira ashirin daga aljihu ya miƙa yana hura hanci, ta ce wannan miji ko kuka ba zai saya ba. Ni kuwa kishiya ce, kullum sai ta ce na zo ƙwace mata miji da jan baki.

Bara ta ce ba za ta mutu da gurasarta a hannu ba. Ta sa muka kwaɓa tun dare, da asuba aka hura tanderu. Wallahi in kun ga yadda take jiƙa hannu ta manna ƙullin a jikin tanderun, ko gezau, mu kuwa tururin kawai ke korar mu. Tawa ta farko ta faɗa cikin garwashi, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kama hannuna ta nuna min inda ake dannawa. Da rana muka yi bandashe da ƙuli da albasa, faranti ɗaya, ita da 'yan jikoki tara. Mu kuma muka koya mata tura saƙon murya a WhatsApp. Yanzu duk Juma'a sai ta gaida kowa da sunansa, har na goye, kafin ta faɗi abin da ya sa ta kira. Ba na goge ko ɗaya.

'Yar Fagge: Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Kin sa na tuna tawa, Allah ya jiƙanta. In an ɗauke wuta ta ce "ga ta nan ga ta nanku", har iyayenmu sai su matso da kujera suna yi kamar ba sa ji.

Ɗan Gwale: Amin. To amma Jikar Inna, a labarinki wace ce zumar? Innar ce ko gurasar?

Jikar Inna: Oho. Ni dai na san tana da ta gaske a kwalba ƙarƙashin gado, daga Kurmi ake sayo mata, in yaro na tari ta haɗa da lemon tsami da citta.

Mai Adaidaita: A tambayar mana ita ko tana da ta maganin alkawarin da ba a cikawa, akwai wani mai babbar riga da za mu kai wa cokali biyu.

Bakatsine a Sabon Gari: Ni a wajenmu da aboki ake faɗinta, wanda kuka yi makarantar allo tare. Kuma Ɗan Gwale, me ya hana ku kafa rumfa a ƙofar gida ku bar ɗakin taron nan? Tsofaffi ba sa sakewa a kan kujerar roba.

Ɗan Gwale: Layin namu ko adaidaita ba ta shiga, amma zan gwada faɗa wa Baffa in ya huce.

'Yar Fagge: Jikar Inna, gurasar nan da yis take yi ko da tsohon ƙulli?