Rotary da Lions a Yamai: akwai wanda ya san cikinsu?

Dan_Katako:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne, kayan gini nake saidawa, siminti da ƙarfe da tol. Wani abokin cinikina mai farmasi ya matsa min in zo taronsu na Rotary wai ana bukatar irinmu, ni kuma gaskiya abin da na sani kawai shi ne wannan tambarin mai kama da haƙoran inji da nake gani jikin alluna. Na yi ma wana maganar sai ya ce in yi nesa da su ƙungiyar asiri ce. To don Allah wanda ya sani ya faɗa min, daga ina abin ya fito, aikin me suke yi ma talaka, kuma kuɗi nawa mutum zai dinga zubawa?

Elh_Plateau:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na zauna taronsu a matsayin baƙo ba sau ɗaya ba. Asalinta Amurka ne, birnin Shikago, 23 ga Fabrairun 1905. Wani lauya Paul Harris ya tara abokansa uku, ɗaya mai saida gawayin kwal, ɗaya tela, ɗaya injiniyan ma'adinai, ka ga ai ba wasu manyan gwamnati ba ne, masu sana'a ne kamar ni da kai da suka zo birni neman abinci suna son su samu waɗanda za su amince ma. Da farko ma zumunci ne da ciniki a tsakaninsu, suna zagayawa ofis ofis, wannan sati wajen wane sati mai zuwa wajen wane, daga baya ne maganar hidima ma gari ta shigo, kuma wani abin dariya aikin da ake yawan ambata a matsayin na farkonsu shi ne gina ban-ɗakin jama'a a cikin Shikago. Duk wanda ya taɓa wuni a kasuwa fitsari ya matse shi ba zai raina wannan aikin ba.

Lions ita ma Shikago ce, 1917, wani mai aikin inshora Melvin Jones ya kafa ta. Su an fi saninsu da harkar ido tun 1925 da Helen Keller, wata mata makauniya kuma kurma, ta yi musu jawabi ta roƙe su su tsaya ma makafi. Shi ya sa in ka ji aikin yanar ido ko rabon tabarau ko yaƙi da amodari sau da yawa sunansu na ciki.

Yadda abin ke tafiya, kowane kulob yana da shugabansa na shekara ɗaya tak, Rotary shekararsu na farawa 1 ga Yuli, ana haɗuwa a kai a kai yawanci a otel, ana ƙoƙarin haɗa sana'o'i daban daban, likita, lauya, ɗan tireda, ma'aikacin banki, mai motocin haya. Maganar kuɗi kuma kowane kulob da nasa, akwai kotizasiyon, wato kuɗin da kowane memba ke zubawa, akwai kuma abincin taro da kai za ka biya, ka tambaye su baki da baki kafin ka sa hannu, kar kunya ta hana ka.

Ba'adare_Tawa:
Ni dai Alhaji ban ƙi maganarka ba amma mi ya kai mu? Tun kafin a haifi Paul Harris ɗin nan muna da gayya muna da adashi muna da zakka. Nan Tawa 'yan kasuwa da 'yan cin rani da sunka tai Abijan su ne ka gina masallatai da azuzuwan lakwal a ƙauyukansu, ba alƙalami ba hoto ba wani allo. In gobara ta ci rumfar mutum kafin la'asar an zagaya da kwano an tara mishi jari. Kuma kai Dan_Katako, maganar da wan naka ya yi kar ka yar da ita, akwai malamai a ƙasashen Larabawa da sunka yi fatawa kan waɗannan ƙungiyoyi suna danganta su da 'yan faramaso, wata ƙungiyar asiri, ka samu malamin da ka yarda da shi ka tambaya. Sannan taro cikin otel da kwat da faransanci, ɗan kasuwar da bai yi lakwal ba zai zauna ne kamar an kai shi biki garin da bai san kowa ba.

Maman_Nafissa:
Yaya Ba'adare gaskiyarka kan taimakon da muke yi ma juna, amma bari in faɗi abin da na gani da idona don na yi aikin rigakafin shan inna gida gida. Akwatin sanyi a kafaɗa, ɗigo biyu a bakin yaro, a shafa mishi alama a ɗan ƙaramin yatsa, a rubuta da alli jikin ƙofa, rana na dukanka wata uwa ta ɓoye ɗanta bayan randa sai an yi ta lallashi an kira mai unguwa. Wannan aikin Rotary na cikin waɗanda suka tada shi tun 1985, a 1988 suka haɗu da OMS, wato hukumar lafiya ta duniya, da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka aka sa shi gaba a duniya baki ɗaya. Lokacin yara wajen 350,000 ke shanyewa duk shekara a ƙasashe 125. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, duk da har yanzu ana zagayen rigakafi saboda wani nau'in da ke ɓullowa inda yara ba su samu ɗigon sosai ba. Kwanon da ake zagayawa da shi a kasuwa yana da albarka amma ba zai riƙe aiki shekara talatin da ɗoriya ba, wannan sai da rubutu da asusu da wanda za a tuhuma in kuɗi ya ɓace.

Kuma a unguwarmu wata ƙungiya ta taɓa yi mana foraj, aka zo aka yanke ƙyalle aka yi hotuna, da famfon ya lalace ba wanda ya san wa za a kira, har yau yara na wasa a kai. Don haka Dan_Katako in ka je kar ka tambaye su abin da suka buɗe, ka tambayi wanda suka yi shekara biyar baya yana aiki ko ya mutu, wa ke gyara. Af, mata ma suna shiga yanzu, Rotary ta buɗe musu ƙofa a 1989, matasa kuma suna da nasu reshen Rotaract.

Elh_Plateau:
Kan maganar asiri, ni a zaman da na yi ban ga rantsuwa ko wani abin ɓoye ba, an buga ƙararrawa an karanta lissafin kuɗi an yi gardama kan aikin da za a yi an tashi. Amma faransancin nan Ba'adare bai yi ƙarya ba.

Dan_Katako:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Faransancina na lissafin siminti ne kawai amma zan je in zauna baƙo in ji, zan kuma biya wajen malaminmu bayan sallar Juma'a. Maman Nafissa tambayarki ta foraj na rubuta ta a waya. Abu ɗaya ya rage min, in mutum ya shiga zai iya ba da gudummawarsa da kaya, misali buhunan siminti ko tol in za a rufe aji, ko dole sai tsabar kuɗi?